Tsakanin Ihtimali da Al'ada: Sharhi a kan Neman Hujjar Ash'ariyya a Fiziyar Kwantam

Ɗalibin da ya karanta Ummul Barahin ta Imam Sanusi a zauren malaminsa, a Dogon Daji ne ko a Tambuwal ko a Kebbe, abin da zai fara cin karo da shi shi ne rabon hukuncin hankali gida uku: wajibi da mustahili da ja'izi. Idan ya ci gaba zuwa Muƙaddimat da sharhohinta, sai a nuna masa cewa hukunci kansa iri uku ne, na shari'a da na al'ada da na hankali. Ƙonewar auduga idan wuta ta taɓa ta hukunci ne na al'ada: ta hanyar maimaituwa aka san shi, saɓawarsa tana inganta a hankalce, kuma wutar ba ita ke halittar ƙunar ba. Wannan karatu ya riga jihadi zama a ƙasar nan, kuma Dogon Daji, garin da aka haifi Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1923 daga gidan Buhari ɗan Shehu, yana cikin garuruwan da suka gaje shi.

A 'yan shekarun nan wani sabon zance ya shigo ya zauna kusa da wannan tsohon karatu. Ana jin sa a bakin ɗaliban jami'a idan sun koma gida hutu, ana jin sa a wa'azin da ke yawo a wayoyi, har ya fara leƙowa cikin kundayen digiri. Taƙaitawarsa ita ce: masana fiziya, wato ilimin da magabatanmu ke kira ɗabi'iyyat, sun gano da kansu cewa babu sababi a duniya, komai ihtimali ne, don haka kimiyyar zamani ta dawo kan maganar Ash'ari da Gazali, ta kuma buɗe ƙofar mu'ujiza da ta daɗe da rufewa. Masu wannan zance niyyarsu kare aƙida ce, ban yi shakka ba. Abin da nake gani shi ne hujjar tasu tana ɓata abin da suke son karewa, kuma tana hana mu ganin inda ilimin ihtimali yake da amfani na gaskiya ga malami da mai fatawa da manomi.

Zancen yana da asali a rubuce. A 1993 Karen Harding ta buga maƙala a wata mujallar nazarin Musulunci da ake fitarwa a Amurka, inda ta jera maganar Gazali a mas'ala ta 17 ta Tahafutul Falasifa kusa da fassarar da aka fi sani ta nazariyyar kwantam, wato fiziyar ƙananan abubuwa irin ƙwayar zarra da haske. Ta nuna cewa a wurin duka biyun abin da muka saba gani yana faruwa ba tilas ne ya faru ba. Wanda ya fi kowa zurfafa wannan hanya kuwa shi ne Muhammad Basil Aɗ-Ɗa'i, masanin fiziya ɗan Iraƙi da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Yarmuk ta Jodan, a littafinsa Daƙiƙul Kalam na 2010 da wani na Turanci da ya biyo baya a 2016. Ya tsamo ƙa'idoji biyar daga maganganun mutakallimai a kan halitta: faruwar duniya bayan babu ita, rabuwar jiki zuwa ɓangarorin da ba su sake rabuwa, sabunta halitta a kowane lokaci, rashin tilasci a dokokin ɗabi'a, da haɗuwar wuri da zamani. Sannan ya yi ƙoƙarin nuna cewa fiziyar yau ta fi kusa da waɗannan fiye da ra'ayin Aristo da Ibnu Sina. Mutumin ya cancanci yabo. Ya san lissafin da yake magana a kai, ya karanta Baƙillani da Juwaini a harshensu, kuma ya farfaɗo da wani ɓangare na ilimin kalam da mu kanmu muka yi watsi da shi, muka tsaya a kan sifofi ashirin kawai. Aikinsa ya yi nisa da irin i'ijazin kasuwa da ke neman lambar saurin haske a cikin aya. Sai dai abin da ya faɗa a matsayin kusanci, kafin ya iso bakin mumbari ya zama tabbaci, kuma ko a matsayin kusancin akwai abin dubawa.

Mu fara da abin da fiziyar ta faɗa. Tun 1926 Max Born ya nuna cewa lissafin kwantam ba ya ba ka sakamakon awo ɗaya tak. Abin da yake ba ka shi ne ihtimalin kowane sakamako, wato awon ƙarfin yiwuwarsa da lamba tsakanin 0 da 1. Ɗauki sinadarin ayodin mai lamba 131, wanda asibitoci ke amfani da shi wajen maganin wasu nau'o'in ciwon maƙoƙo. Ƙwayar zarrarsa tana rushewa ta koma wani sinadari. Babu lissafin da zai gaya maka ranar da wannan ƙwaya takamaimai za ta rushe. Amma idan ka tara miliyoyinsu, rabinsu zai rushe cikin kusan kwana 8, rabin abin da ya rage cikin wasu kwana 8, ba fashi, har likita ya dogara da haka wajen auna magani. Einstein ya yi zaton akwai ɓoyayyun dalilai a cikin kowace ƙwaya da ba mu kai ga saninsu ba. A 1964 John Bell ya fito da hanyar gwada wannan zato, aka yi gwajin a 1972 da 1982, aka sake shi a 2015 bayan toshe kafofin da masu suka ke nunawa, sannan a 2022 aka ba Aspect da Clauser da Zeilinger kyautar Nobel a kansa. Sakamakon shi ne: ba za a iya bayanin abin da ake gani ba da ɓoyayyun dalilan da tasirinsu ke tafiya daga maƙwabci zuwa maƙwabci kawai, ba tare da wuce saurin haske ba.

Ka lura da ƙaidin da ke ƙarshen jimlar, domin shi ne masu wa'azin ke jefarwa. Gwajin Bell bai kore tilasci gaba ɗaya ba, wani nau'i nasa ya kore. David Bohm ya gabatar da fassara tun 1952 wadda a cikinta kowace ƙwaya tana da tafarki tsayayye da abin da ya gabata ya ƙayyade, kuma a fagen da ta rufe tana ba da sakamako daidai da na fassarar da ta shahara. Hugh Everett ya kawo wata a 1957, ita ma babu ihtimali a tushenta. Duka biyun suna da mabiya cikin masana har yau, kuma babu gwajin da ya raba gardamar. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Lissafin kwantam ya yi shekara ɗari da yatsunsa cif, ba wanda ke musun ingancin hasashensa. Fassararsa ce har yanzu ake ja-in-ja a kai. Wanda ya ce kimiyya ta tabbatar babu sababi ya zaɓi mazhaba ɗaya cikin mazhabobin masana fiziya ya kira ta ijma'i. Da ɗalibinmu ne ya yi haka a mas'alar fiƙihu, da mun mayar masa da kundinsa. Kuma idan gobe rinjaye ya koma wurin mabiya Bohm, me za mu gaya wa yaron da muka koya wa cewa aƙidarsa ta samu shaida daga ɗakin gwaji? Haka abin yake ga jauharul fard. Na mutakallimai ba ya rabuwa ko a tunani, ita kuwa ƙwayar zarra an daɗe da fasa ta, kuma babu gwajin da ya nuna cewa wuri da zamani a gutsure suke.

Wannan suka ce ta waje. Ta cikin gida ta fi ta nauyi. Maganar Sanusi ba ta taɓa dogara da samun giɓi a cikin dokokin ɗabi'a ba. Masu sharhi a mazhabarsa sun kasa mutane gida huɗu game da sababi: mai cewa wuta tana ƙonawa da ɗabi'arta, mai cewa tana ƙonawa da wani ƙarfi da Allah ya ajiye a cikinta, mai cewa Allah ne ke ƙonawa amma haɗin wuta da ƙuna ba ya yiwuwa ya warware, da mai cewa Allah ne ke ƙonawa kuma haɗin na al'ada ne, yana iya warwarewa. Na huɗun shi ne suka ce ya dace. Duba da kyau, duk rabon a kan wanda ke da tasiri ne da kuma irin haɗin. Babu inda aka shardanta cewa sai wuta ta riƙa kuskure jefi-jefi. Ko da za a ce tun da aka halicci duniya wuta ba ta taɓa fasa ƙona auduga ba, kuma masu lissafi suna iya faɗar komai kafin ya faru kamar yadda Laplace ya yi mafarki a 1814, da maganar Sanusi tana nan daram: maimaituwa sau biliyan ba ta mayar da ja'izi wajibi. To, aƙidar da ba ta ji tsoron Newton ba, me take nema a wurin Born? Mai cewa ga inda ikon Allah yake aiki, a cikin rashin tabbas na ƙwayar zarra, ya yarda ke nan a fakaice cewa inda lissafi ya cika babu wurin ikon. Ya ba ɗabi'a gonar duka, ya bar wa ƙudura gefen kunya. Ash'ari bai faɗi haka ba. A wurinsa faɗuwar dutse da aka san lissafinta tun ƙarni na 17 da rushewar ƙwayar ayodin da ba a san lokacinta ba, ɗaya suke wajen zamowa aikin Allah kai tsaye. Waɗanda ke bin Ibnu Taimiyya cikin masu karatun wannan mujalla, waɗanda ke tabbatar da cewa Allah ya sanya ƙarfi a cikin sabubba kuma yana hana su aiki idan ya so, su ma ba su da abin da za su ci ko su rasa a wannan gwaji. Saɓaninsu da Ash'arawa saɓani ne da na'ura ba ta iya aunawa.

Inda abin ya fi damuna shi ne batun mu'ujiza. Ana cewa: a da kimiyya tana ganin mustahili ne wuta ta yi sanyi ga Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kamar yadda ya zo a aya ta 69 ta Suratul Anbiya'i, yanzu kuwa kwantam ya nuna cewa komai yana da ihtimali, ko da ƙanƙani ne, don haka mu'ujiza ta shiga cikin abin da kimiyya ta yarda da shi. Mai wannan magana yana jin ya yi wa addini hidima, alhali ya rushe ma'anar mu'ujiza daga tushe. Malaman tauhidi sun bayyana ta da cewa abu ne da ke keta al'ada, yana zuwa tare da da'awar annabci da ƙalubale, kuma a kasa kawo irinsa. Ƙarfin shaidarta yana cikin ketawar. Abin da ke da ihtimali a cikin doka, komai ƙanƙantar ihtimalin, yana cikin dokar, sunansa nadiri. Haihuwar 'yan huɗu nadiri ce, ba wanda ya ce mu'ujiza ce. Idan sanyin wutar Namaruzu lamba ce a cikin lissafin Born, to mai inkari yana da amsa a shirye: an yi dace ne kawai, kuma idan aka daɗe ana hura wuta a duniyoyi masu yawa wata rana za a sake dacewa. Ka ba shi makamin da ba shi da shi a da. Kuskuren ya samo asali ne daga haɗa kalmomi biyu da suka yi kama a Hausa da Larabci. Idan Sanusi ya ce saɓawar al'ada tana yiwuwa, yana nufin hankali ba ya ganin warwara a cikinta, wato ja'izi ce. Idan masanin lissafi ya ce abu yana yiwuwa, yana nufin yana da kaso sama da sifili a cikin wani tsarin awo da aka riga aka kafa. Yiwuwar farko ba ta da lamba. Ba a cewa tashin matattu yana da kaso kaza cikin ɗari.

Gazali kansa ya toshe wannan ƙofa a mas'alar da ake kafa hujja da ita. Ya kawo sukar da za a yi masa, cewa idan haka ne to mutum ya bar littafi a gida ba shi da tabbacin bai rikiɗe ya zama yaro ko dabba ba. Amsarsa ita ce Allah yana halitta mana sani cewa ba zai aikata waɗannan abubuwa masu yiwuwa ba, kuma gudanar al'ada sau bayan sau tana kafa wannan sani a zukata. Sani ya ce, bai ce zato mai rinjaye ba. A nan ne kwatancin Harding ya karkace, domin ta karanta yaƙinin al'ada a matsayin babban kaso. Kuma shi wannan Gazalin ne, a cikin gabatarwar littafin, ya gargaɗi masu jayayya da lissafin husufin rana da wata da sunan addini, ya ce cutar da mai kare shari'a ta hanyar da ba tata ba yake yi mata ta fi ta mai suka. Gargaɗin ya hau kan mai ƙaryata kimiyya don addini, ya kuma hau kan mai jingina addini da abin da kimiyya ba ta faɗa ba.

Akwai kuma jahiltar shi kansa ilimin ihtimali. Masu zancen suna ɗaukar cewa da zarar an ce ihtimali an ce hargitsi, komai na iya faruwa. Binciken da ake yi a fagen yau yana nuna akasin haka. Misali mai sauƙi: a jefa ƙuri'a mai fuska biyu daidai sau 10,000. Kowace jifa ba a san inda za ta faɗa ba, amma ihtimalin a samu fuska ɗaya ta fito ƙasa da sau 4,800 ko sama da sau 5,200 bai wuce kusan 6 cikin 100,000 ba. Taron abubuwan da ba a san kowannensu ba yana haifar da jimla da aka sani sosai. Michel Talagrand na Faransa, wanda aka ba kyautar Abel a 2024, ya shafe shekaru yana faɗaɗa wannan. Ya nuna cewa duk adadin da ya dogara da ɗimbin abubuwa masu zaman kansu, ba tare da ɗayansu ya fi ƙarfi ainun ba, yana manne wa ƙima guda, kaucewarsa daga gare ta kaɗan ce ƙwarai. Shi ne kuma ya kafa hujjar lissafi a 2006 ga wata ƙa'ida da Giorgio Parisi, mai kyautar Nobel ta 2021, ya hango tun kusan 1980 game da wasu ƙarafa masu maganaɗisu da ƙwayoyinsu ke a hargitse. Ko a cikin hargitsin akwai tsari da ake iya rubutawa.

Wani reshe na binciken ya fi kusa da idon manomi. Ana kiransa nazarin tsiyaya, kuma Broadbent da Hammersley ne suka assasa shi a 1957. A ɗauki raga mai gidaje murabba'i, kowace igiya a cikinta ko buɗaɗɗiyar hanya ce ko toshasshiya, bisa ƙuri'a. A zuba ruwa a wuri ɗaya. Zai ratsa ya yi nisa, ko zai tsaya a ɗan kewaye? Harry Kesten ya tabbatar a 1980 cewa iyakar tana daidai kan rabi: idan kason buɗaɗɗun hanyoyi bai wuce rabi ba, ruwan yana maƙalewa a ƙananan aljihu, da zarar ya haura rabi, sai a samu hanyar da ba ta da ƙarshe. Wanda ya ga yadda wutar daji ke mutuwa da kanta inda ciyawa ta yi tsalli-tsalli, ta kuma cinye fili duka inda ta ɗan ƙara kauri, ya ga irin wannan iyaka da idonsa, ko da yake daji ba raga ba ne. A kan irin waɗannan sauye-sauye na kwatsam, da yadda suke a cikin jiki mai tsawo da faɗi da kauri, aka ba Hugo Duminil-Copin lambar Fields a 2022. Babu wanda ya tsara inda kowace igiya za ta buɗe, amma iyakar ba ta motsi. Idan akwai abin da mai tauhidi zai tsaya ya yi tunani a kai a wannan fage, to shi ne ƙarfin al'ada: yadda tsari ke fitowa ko daga abin da muke gani kamar watse yake. Wannan abin lura ne da i'itibari, kuma ban kira shi burhani ba.

Gurbin ilimin ihtimali a cikin ilimominmu yana wani wuri da muka yi sakaci da shi, wato usulul fiƙhi da ƙawa'id. Malamanmu sun jera matakan sani tun da daɗewa: yaƙini, da zanni wanda shi ne ɓangare mai rinjaye, da shakka inda ɓangarori biyu suka yi daidai, da wahami wanda aka rinjaya. Mafi yawan hukunce-hukuncen fiƙihu a kan zanni mai rinjaye suke tsaye: shaidar adilai biyu, alƙibla ga wanda ya yi nisa, tsoron ƙaruwar ciwo da ke halatta taimama ko shan azumi. Abin da lissafi ya ƙara, tun daga wasiƙun Pascal da Fermat a 1654 har zuwa ƙa'idojin da Kolmogorov ya shimfiɗa a 1933, shi ne ma'auni ga wannan rinjaye. Asalinsa teburin caca ne, gaskiya, amma asalin abu ba shi ne hukuncinsa ba. Kuma fiƙihu yana da abin da zai gaya wa lissafin. Ƙarafi a cikin Furuƙ ya ware babi a kan galibi da nadiri. Ya kafa cewa asali shi ne a yi aiki da galibi, sannan ya jero wuraren da shari'a ta jefar da galibin ta ɗauki nadiri don jinƙai. Daga ciki akwai matar da ta haihu wata shida bayan ɗaurin aure: galibin ciki wata tara ne, don haka rinjayen zato yana nuna cikin ya riga auren, amma shari'a ta jingina ɗan ga mijin don suturta bayi da kare nasaba. Ma'ana, sanin kaso abu ne daban, hukuncin da za a gina a kansa abu ne daban. Mai fatawar da likita ya gaya wa cewa wani aiki yana da haɗari kaso kaza, ko wanda aka tambaya game da gwajin jini kafin aure saboda ciwon sikila, inda iyaye biyu masu ɗauke da shi ke da ihtimalin 1 cikin 4 a kowane ciki, yana buƙatar fahimtar lambar kafin ya auna ta da maƙasid. Da yawa daga cikinmu suna jin 1 cikin 4 su ɗauka cewa idan ɗan fari ya kamu to ukun da ke biye sun tsira. Kowane ciki ƙuri'arsa sabuwa ce. Wannan kuskure yana raba aure ko ya haɗa wanda bai kamata ba, kuma ya fi cancantar lokacinmu fiye da neman Baƙillani a cikin ƙwayar zarra.

Sai batun damina, wanda a yankin Tambuwal da Kebbe ba batun ɗakin karatu ba ne. Ruwa kusan wata huɗu yake yi, kuma manomin da ya yi binne ko ya shuka da ruwan farko, sannan aka ɗauke na sati biyu ko uku, ya yi asarar iri da kuɗin ƙwadago. Kowace shekara Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen lokacin faɗuwar damina da tsawonta da inda ake tsoron tsaikon ruwa. Ana samun malamin da zai ce wannan shiga gaibu ne, ya kawo aya ta ƙarshe ta Suratu Luƙman da hadisin Zaidu ɗan Khalid, inda bayan ruwan dare a Hudaibiyya Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa mai jingina ruwa ga tauraro ya kafirce wa Allah, mai jingina shi ga falalarsa ya yi imani. Yanzu kuma ga sabon malami da zai ce ai kimiyya da kanta ta yarda ba a san komai ba. Hanyoyinsu daban, amma wuri ɗaya suke kai manomi: ya toshe kunnensa.

Magabata sun fi mu natsuwa a nan. Imam Shafi'i a cikin Al-Umm ya rarrabe tsakanin wanda ya ƙudurce tauraron ne ke saukar da ruwa da wanda ke nufin an yi ruwa a lokacin tauraro kaza. Na biyun bai kafirta ba, ko da yake ya fi son a canza lafazin. Imam Malik kuwa, a babin da ya kawo hadisin Zaidu a Muwaɗɗa, ya bi shi da wani balagi da ke cewa girgijen da ya taso daga wajen teku sannan ya karkata wajen Sham mai ruwa ne da yawa. Yana cikin balagai huɗun da Ibnu Abdil Barri bai samu isnadinsu ba, wanda daga baya Ibnus Salah ya yi risala a kansu, don haka ba na kafa hukunci da shi. Abin lura shi ne fiƙihun Malik wajen jeri: ya ajiye hani ga jingina tasiri kusa da halaccin karanta alama. A kan wannan fahimta ne malaman ƙasar Hausa suka riƙe lissafin taurari 28, kowane kwana 13 ban da Jabha mai 14, suna gaya wa manoma an shiga Haƙa'a ko Zira'a ko Ɗarfa, ba tare da wani ya tuhume su da shirka ba. Tsohon da ya dubi gabas da la'asar ya ce hadarin nan na ruwa ne, hukuncin al'ada ya yanke, irin wanda Sanusi ya bayyana. Masu hasashen yanayi haka suke yi, sai dai su suna da ma'aunai da tauraron ɗan'adam da rajistar shekaru masu yawa, kuma suna faɗar ƙarfin zatonsu da lamba.

Lambar tana da yadda ake karanta ta, kuma malamin gari shi ya fi dacewa ya koya wa jama'arsa. Idan aka ce ihtimalin ruwa gobe kaso 70 ne cikin 100, ba a yi alkawarin ruwa ba. Ana nufin idan aka tara ranaku 100 da aka yi irin wannan hasashe, ya kamata a samu ruwa a kusan 70 daga cikinsu. Rana ɗaya da ba a yi ruwa ba ba ta ƙaryata mai hasashen, kamar yadda rana ɗaya da aka yi ba ta gaskata shi. Sai an bi shi damina bayan damina ana rubutawa kafin a san ko ma'auninsa daidai ne. Wannan aiki ne da makarantar Islamiyya ɗaya a Dogon Daji za ta iya yi da gwangwanin awo da littafin rajista, ɗalibai su rubuta abin da aka yi hasashe da abin da ya sauka, tun daga ruwan farko har a yanke gero.